Shigo da Kwikwiyo Gidan Tsohon Kare

Gabatarwa

A ƙasar Hausa ba a cika riƙon kare don sha'awa ba. Duk gidan da aka ga kare, to, akwai aikin da yake yi wa masu gidan, ko dai farauta, ko tsaron garke da gona, ko kuwa gadi da dare. Farauta da kiwo da noma su ne dalilan da hadisi ya ambata wajen halatta riƙon kare, malamai da dama kuma suka yi ƙiyasin gadin gida a kansu. Tun da yake don aiki ake riƙonsa, ran da ƙarfin kare ya fara ja da baya sai mai shi ya shiga neman magaji. Mafarauci ya lura zomon da a da ba ya tsere wa karensa yanzu yana tsere masa. Magidanci ya ga baƙo ya ratso zaure har tsakar gida, kare na kwance bai ko ɗaga kai ba. Nan sai a tuna da zancen masu iya magana cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. A je gidan da karya ta haihu, a karɓo kwikwiyo, a sako shi cikin kwali, a zo a dire shi a tsakar gida, a ce su saba.

Wani lokaci sukan saba ɗin. Wani lokaci kuwa kafin mako ya zagayo an yage wa kwikwiyon kunne, ko tsohon ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa tsakar gida ya koma bayan rumbu. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana abin da ke haddasa haka, da hanyoyin da ake bi a kauce masa. Abin da za a fi jaddadawa kuwa shi ne wanda mutane suka fi mantawa da shi. Hankalin kowa a kan kwikwiyo yake, domin shi ne ƙarami, shi ake jin tsoron a ciza. Amma idan aka lura da kyau, tsohon ne ya fi cutuwa da wannan sabon zama, kuma galibin cizon da kwikwiyo ke sha daga cutuwar tsohon yake tasowa. Saboda haka wanda ya kiyaye haƙƙin tsohon ya riga ya tsare fatar kwikwiyon.

Tsoho da Yaro

Kare yakan rayu shekara 10 zuwa 13, waɗansu su ɗara haka. Girman jiki yana da hannu a cikin saurin tsufa: manyan jinsuna, irin su Alseshiyan da 'yan sanda ke riƙewa, sukan fara nuna tsufa tun daga wajen shekara 7, ƙananan jinsuna kuwa sai wajen shekara 10. Alamar farko da ake gani ita ce furfura a kewayen baki, amma waɗanda ba a gani su suka fi muhimmanci. Gaɓoɓi sukan yi ciwo, musamman ƙugu da gwiwa, ta yadda kare zai daɗe yana yunƙuri kafin ya miƙe, abin kuma ya fi tsananta a lokacin sanyin hunturu. Ji yakan ragu, idanu su yi hazo-hazo, haƙora su lalace. Akwai kuma ruɗewar tsufa, irin wadda kan sa kare ya tsaya yana kallon bango, ko ya kasa barci da dare yana ta zagaye. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, aka buga a 2001, ya sami alamun wannan ruɗewa a kashi 28 cikin ɗari na karnuka 'yan shekara 11 zuwa 12, da kashi 68 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 16.

Ma'anar wannan a zaman gida a fili take. Karen da ba ya ji sosai, ba ya kuma gani sosai, duk abin da ya taɓa shi ba zato ba tsammani yake zo masa. Karen da ƙugunsa ke ciwo kuwa, hawa masa baya azaba ce, ko da mai hawan wasa yake nufi.

Shi kuwa kwikwiyo hawa baya da jan kunne su ne sana'arsa. Ana haihuwarsa bayan cikin kwana 63 ko kusa da haka, ido rufe, kunne toshe. Idanu su buɗe wajen mako na 2, haƙoran nono su fara tsirowa wajen mako na 3, guda 28, masu tsini kamar allura. Daga wajen wata na 4 zuwa na 6 ko na 7 yakan zubar da su, na dindindin guda 42 su maye gurbinsu. A tsawon wannan lokaci dasashinsa ƙaiƙayi yake yi, saboda haka ba ya barin takalmi, ba ya barin tabarma, ba ya kuma barin wutsiyar tsohon kare.

Akwai wani abu game da waɗannan makonni wanda ya fi haƙora nauyi. Masana biyu, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekara 13 suna nazarin 'yan kwikwiyo a cibiyar bincike ta Jackson da ke Bar Harbor a jihar Maine ta Amurka, suka fitar da sakamakon cikin littafi a 1965. Jinsuna biyar suka yi aiki da su, ɗaya daga ciki shi ne Basenji, karen farauta na yankin Kwango. Sun gano cewa tsakanin mako na 3 da wajen mako na 12 ne kwikwiyo ke koyon abin da zai amince da shi da abin da zai ji tsoro. Waɗanda aka bari har mako 14 ba su yi hulɗa da mutum ba suka tashi da gudun mutane, aka kuma sha wuya wajen horar da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a lokacin ne kuma ya fi saurin karyewa. Kwikwiyon da babban kare ya yi wa mugun cizo yana ɗan mako 9 yana iya tashi da tsoron karnuka, tsoron kuma ya rikiɗe ya zama faɗa idan ya girma. Irin wannan kare ba ya shiga cikin karnukan farauta lafiya, a gida ma sai dai a riƙa ɗaure shi.

A cikin waɗannan makonni ne kuma kwikwiyo ke koyon sassauta cizo. Idan ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya bar wasan. Idan ya matsa wa uwarsa, ta kwaɓe shi. Sau da yawa akan ɗauke kwikwiyo tun yana mako 4 ko 5, don gudun kada wani ya riga, sai ya iso sabon gida bai san iyaka ba, bai kuma san ma'anar kashedi ba. Tsohon kare ne ke biyan wannan bashi. Abin da ya dace shi ne a bar kwikwiyo wurin uwarsa har ya cika mako 8.

Tun Kafin a Kawo Shi

Tambayar farko ita ce ko lokacin ya dace. Mafi kyawun lokacin kawo magaji shi ne sa'ad da tsohon ya fara manyanta amma yana da sauran ƙarfi, yana iya tashi ya bar wurin in an dame shi, yana kuma iya tsawatarwa. Karen da ya riga ya makance, ko ya ruɗe, ko ba ya iya miƙewa sai an taimaka masa, bai kamata a jibga masa kwikwiyo ba. Idan bukatar gadi ta tilasta, to, sai dai a raba musu wuri baki ɗaya. Haka nan karen da tun ƙuruciyarsa ba ya shiri da karnuka, tsufa ba zai sauya masa hali ba.

Wajen zaɓe ma akwai abin lura. Likitocin da ke nazarin halayyar dabbobi sun lura cewa yawancin faɗan da ke aukuwa tsakanin karnukan gida ɗaya, tsakanin masu jinsi ɗaya ne, kuma na karya da karya ya fi muni. Don haka idan tsohon namiji ne, kawo mace ya fi sauƙi, in kuma karya ce a gidan, a kawo namiji, sai dai a tanadi yadda za a raba su lokacin da karyar ke neman barbara. Ya kamata kuma a yi tunanin girman da kwikwiyon zai yi. Ɗan abin da ake ɗauka a tafin hannu yau, in babban jinsi ne, cikin wata shida zai fi tsohon karen gida nauyi.

Sa'an nan sai batun lafiya, wanda ya shafi kowane ɓangare. Kwikwiyo kan zo da tsutsar ciki, domin akwai irin da yake samu tun yana cikin uwarsa, yakan kuma zo da ƙuma da kaska. Kaska tana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke lalata jinin kare, tsohon jiki kuwa ba ya jure musu kamar na matashi. Shi ma kwikwiyon yana cikin haɗari, musamman daga cutar amai da gudawar jini wadda likitoci ke kira farbo. Ta ɓulla a duniya a 1978, tana kashe 'yan kwikwiyo cikin 'yan kwanaki, ƙwayarta kuma tana iya zama cikin ƙasa watanni da yawa. Akan fara allurar rigakafinta, tare da ta cutar distamfa, a mako na 6 zuwa na 8, a riƙa maimaitawa har wajen mako na 16. Allurar haukan kare kuwa a wata na 3 ake yin ta. Wannan ba abin wasa ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda ke can tun 1924, tana cikin masu sarrafa wannan allura, ana kuma yin ta a asibitocin dabbobi na jihohi da na jami'o'i irin su Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Kafin baƙo ya iso sai a kai tsohon a sabunta masa tasa allurar, a kuma nemi likita ya duba gaɓoɓinsa da haƙoransa. Karen da aka rage wa ciwo haƙurinsa yakan ƙaru.

Ranar Haɗuwa

Kare da hanci yake sanin duniya, saboda haka gabatarwa ta fi kyau ta fara daga hanci. Kwana biyu ko uku kafin ranar, sai a kai tsumma ko buhu gidan da kwikwiyon yake, ya kwana a kai, a kawo a ajiye inda tsohon zai sansana. Ran da suka haɗu, warin ba baƙo ba ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa su a tsakar gida, kusa da kaskon tsohon ko makwancinsa. Nan ne mulkinsa, kuma aikin da aka horar da shi a kai shekara da shekaru shi ne korar duk wanda ya shigo. Ya fi kyau su fara ganin juna a waje, wurin da ba na kowa ba. Sai dai a nan akwai cikas, domin kwikwiyon da bai gama allura ba bai kamata ya taka juji ko lungun da karnukan unguwa ke taruwa ba. Gonar maigida, ko tsakar gidan maƙwabcin da ba ya riƙon kare, sun wadatar. A zaɓi sanyin safiya ko la'asar sakaliya, ba tsakar rana ba sa'ad da zafi ya ƙuntata wa kowa, ba kuma da duhu ba tun da idon tsohon ya yi rauni.

Mutum biyu ake bukata, kowa da karensa a igiya, igiyar kuma a sake take, domin kare yana jin ɗar-ɗar ɗin mai riƙe da shi ta cikin igiya. Su fara tafiya gefe da gefe da 'yar tazara, suna fuskantar wuri ɗaya, sa'an nan a rage tazarar kaɗan-kaɗan. Idan tsohon ya nemi sansanawa a bar shi. Wajen gindin wutsiya zai nufa, nan ne gaisuwarsu take. Bayan ɗan lokaci kaɗan a kira kowa gefe, a sake tafiya, a sake barin su. Kada a rungumi kwikwiyo a miƙa shi ga hancin tsohon, domin wanda aka riƙe ba ya iya ja da baya, ba ya kuma iya kwantawa ya nuna ladabi. Idan tsohon ya sansana ya kau da kai ya ci gaba da harkarsa, to, an yi nasara. Ba a bukatar ya yi murna.

Daga nan sai su shiga gida tare, tsohon a gaba, bayan an riga an kwashe kasko da ƙasusuwa daga tsakar gida.

Wani abu da ya keɓanci gidajen da ke riƙon karen gadi shi ne ɗauri. Akan ɗaure kare a turke da rana, a sake shi da dare. Karen da ke ɗaure ba shi da hanyar kauce wa abin da ya dame shi, idan kuwa aka toshe wa dabba hanyar gudu, haƙori kaɗai ya rage mata. Barin kwikwiyo yana yawo a kewayen ɗaurarren tsoho shi ne mafi haɗarin tsari da za a iya yi. Ko dai a killace kwikwiyon a wani sashe da zana ko ƙofa, ko a kewaye wurin tsohon yadda ƙaramin ba zai kutsa ba. A makonnin farko kuma, duk lokacin da ba babban mutum a kusa, da rana ne ko da dare, a rabe za su zauna.

Gurnani

A nan ne yawancin masu karnuka ke ɓata lamarin da hannunsu. Kwikwiyo ya je ya faɗa wa tsohon yana barci, tsohon ya yi gurnani, maigida ya taso da sanda ko takalmi ya ce mugun kare zai kashe yaro. Ga alama an yi adalci, alhali kuwa an yi ɓarna biyu.

Kare ba ya fara magana da cizo. Idan abu ya dame shi, da fari yakan kau da kai, ya lashi leɓe, ya yi hamma ba don barci ba. In abin bai tsaya ba ya tashi ya sake wuri. In an bi shi ya sandare, ya ƙura ido. Sa'an nan ya ɗage leɓe ya nuna haƙori, sa'an nan gurnani, sa'an nan ya kai cafka a iska ba tare da ya taɓa fata ba. Cizo na ƙarshe ne. Duk waɗannan matakai hanyoyi ne na guje wa faɗa, kuma su ne darasin da kwikwiyo ke bukatar koya. Idan aka doki tsohon saboda gurnani, ɓarnar farko ita ce zai alaƙanta kwikwiyon da duka, ƙiyayya ta shiga inda a da gajiya ce kawai. Ta biyu ta fi muni, watau zai koyi cewa kashedi laifi ne, ya daina yi. Damuwar tana nan, ciwon ƙugun yana nan, sai dai an cire ƙararrawa. Ran da haƙurinsa ya ƙare, cizo zai kai kai tsaye, mutanen gida su ce ai ba tare da wani dalili ba ya yi.

Kwaɓa ta gaskiya tana da kamanni. Gajeriya ce, ƙararta ta fi aikinta yawa, kuma da zarar kwikwiyo ya yi kuka ko ya kwanta ya nuna ciki, tsohon yakan ƙyale shi. Kwikwiyon zai ruga yana ihu kamar an yanka shi, a duba jikinsa a tarar sai yawu. Bayan ɗan lokaci ya dawo a hankali, kai ƙasa, yana lasar bakin tsohon. Wannan tarbiyya ce, ba a shiga tsakani. Abin da mutum zai yi shi ne lura da matakan farko: da ya ga tsohon ya kau da kai sau biyu, ko ya tashi an bi shi, sai ya ɗauke kwikwiyon ya ba shi abin tauna ko ya kai shi sashensa. Ta haka tsohon zai gane cewa akwai mai tsaya masa, ba sai ya ɗauki mataki da kansa ba.

Akwai kuma abin da ba kwaɓa ba ne, wanda ba a jira a ga ƙarshensa. Idan tsohon yana bin kwikwiyo shiru yana sanɗa, ko ya cafke shi ya girgiza, ko ya ci gaba da danne shi bayan ya yi kuka ya miƙa wuya, ko aka ga hujin haƙori a fata, to, a raba su nan take, kuma kada a sake haɗa su sai an nemi shawarar likitan dabbobi. Wajen rabawa ba a sa hannu tsakanin bakuna. A watsa ruwa, ko a zura katako ko faifai a tsakani. Wanda tsautsayi ya sa aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti, ko da karen nasa ne.

Ya kamata a ja kunnen yaran gida. Su ne suka fi kowa ɗokin kwikwiyo, su ne kuma kan ɗauke shi su ɗora a bayan tsohon don su ga abin da zai faru.

Kasko, Makwanci da Hannun Maigida

Abubuwa uku karnuka ke faɗa a kansu a cikin gida: abinci, wurin kwana, da kusanci da mai su. Na abinci ya fi sauƙin magani, domin kowa da kaskonsa, a wurare dabam, yadda ba sa ganin juna, in an gama a ɗauke. Cimarsu ma ba ɗaya ba ce. Kwikwiyo yana ci sau uku ko huɗu a rana, abinci mai gina jiki, tsohon kuwa sau ɗaya ko biyu ya ishe shi, kuma idan yana lashe ragowar ƙaramin zai yi ƙiba, ƙiba ta ƙara wa gaɓoɓinsa nauyi. Ƙashi shi ne babban abin rigima, kada a jefa guda ɗaya tsakanin karnuka biyu. Ruwan sha ma a ajiye wuri biyu, musamman da bazara.

Makwancin tsohon, ko inuwar da ya saba kwanciya, ba a taɓa su. Idan akwai wanda za a sauya wa wuri, baƙon ne. Tsohon kare yana bukatar barci mai tsawo wanda ba a katse shi, kuma sau da yawa rashin wannan barci ne ke mayar da kare mai sanyin hali mafaɗaci cikin mako biyu.

Na uku ya fi wuyar kiyayewa, domin zuciya tana karkata ga sabon abu. Ko da yake ba a haɗa mutum da dabba a misali, hikimar da Bahaushe ya yi wajen kayan faɗar kishiya tana da amfani a nan: wanda aka tarar a gida shi ake fara lallashi. Idan tsohon ya saba maigida na kiran sunansa in ya dawo daga kasuwa, ko yana raka shi gona da safe, to, a ci gaba da haka, wani lokaci ma shi kaɗai ba tare da kwikwiyon ba. Dabara mai kyau ita ce a sa alheri ya riƙa zuwa tare da ƙaramin, watau duk lokacin da aka fito da kwikwiyo, a ɗan jefa wa tsohon guntun nama. Ba da daɗewa ba zai ɗauki ganin kwikwiyon a matsayin albishir.

A nan ya dace a gyara wata fahimta da ta yaɗu, cewa wajibi ne a bar karnuka su gwabza don a san shugaba, ko maigida ya naɗa ɗaya da ƙarfi. Tushen wannan ra'ayi shi ne nazarin da Rudolf Schenkel ya buga a 1947 a kan kyarketan ƙasashen sanyi da aka tsare a gidan namun daji na Basel a Suwizalan, inda dabbobin da aka tara wuri ɗaya suka riƙa kokawar neman fifiko. David Mech ya yaɗa ra'ayin cikin littafinsa na 1970, amma bayan ya shafe shekaru yana lura da kyarketai a dajinsu a tsibirin Ellesmere na Kanada, sai ya fito a 1999 ya bayyana cewa garken kyarkeci iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. Tsakanin karnukan gida ma fifiko yakan bambanta daga abu zuwa abu. Wani ya fi damuwa da ƙashi, wani da inuwa. Aikin maigida shi ne rage dalilan rigima. Ana fara ba tsohon abinci ne domin haka ya saba, kuma sabo shi ne abin da tsoho ya fi dogara da shi.

Idan duk da haka tsohon ya ƙi abinci fiye da kwana ɗaya ko biyu, ko ya riƙa ɓuya, ko ya fara fitsari inda bai saba ba, kada a ce kishi ne kawai a ƙyale. A wannan shekaru irin waɗannan alamu suna iya zama na ciwon ƙoda ko wata cutar, zuwan kwikwiyo ya zo daidai da su ne kurum.

Koyon Aiki

Masu farauta sun daɗe da cewa kare a wurin kare yake koyon daji, binciken zamani kuma bai ƙaryata su ba. A 1997 Slabbert da Rasa sun buga sakamakon wani gwaji da aka yi da karnukan 'yan sandan Afirka ta Kudu, inda aka bar waɗansu 'yan kwikwiyo suna kallon iyayensu mata na aikin gano miyagun ƙwayoyi tsakanin mako na 6 da na 12. Da aka gwada su suna wata 6, sun fi waɗanda ba su kalla ba nesa ba kusa ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Kwikwiyon da ya tashi kusa da natsattsen kare yakan koyi wanda ake yi wa haushi da wanda ake bari ya wuce, ya koyi amsa kira, ya koyi cewa kajin gida da awaki ba abin kora ba ne. Sai dai koyon ba ya zaɓe. In tsohon ɓarawon ƙwai ne, ko mai bin masu keke, an sami biyu ke nan. Kuma duk kyawun tsohon, wajibi ne mai kare ya riƙa keɓe lokaci da ƙaramin shi kaɗai, in ba haka ba zai tashi yana bin kare, ba ya bin mutum.

Sabo yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma ba kowane tsoho ne zai yi wasa da yaro ba. Idan suna iya kwanciya a tsakar gida ɗaya kowa na harkarsa, an sami abin da ake nema. Amma kada a saki jiki daga nan, domin akwai gaɓa ta biyu. Masu riƙon karnuka sun lura cewa manya sukan yi wa kwikwiyo uzuri har wajen wata 4 ko 5, daga nan uzurin ya ƙare, kwaɓa ta ƙara tsanani. Tsakanin wata 6 da shekara ɗaya da rabi kuwa ƙaramin ya balaga, ƙarfinsa na hawa, na tsohon na sauka. Galibin faɗan da ke tasowa a wannan lokaci matashin ne ke tsokano shi: ya tare ƙofa, ya ture tsohon daga kasko, ya shiga tsakaninsa da maigida. Yanzu kariyar ta juya gaba ɗaya. Matashin yana bukatar aikin da zai gajiyar da shi kullum, gudu ko rakiya zuwa gona, domin ƙarfin da bai ƙare a waje ba a kan tsohon zai ƙare. Raba kasko da raba makwanci kuma su ci gaba har iyakar rayuwar tsohon.

Ga mafarauci, ranar da ta fi wuya ita ce wadda za a fita daji da rani a bar tsohon a gida, yana jin ƙaho da hayaniyar karnuka yana fizgar igiya. Ba lalle ne a yanke masa fita gaba ɗaya ba. Ana iya keɓe masa gajeriyar fita a bayan gari da sassafe, shi da matashin, a tafi da gorar ruwa, a bar shi ya bi sawu gwargwadon ƙarfinsa, matashin na biye yana sa hanci inda ya sa. Da an ga ya fara haki ko ɗingishi sai a juyo gida tun rana ba ta yi zafi ba, a duba tafin ƙafarsa ko ya taka ƙaya, a zuba masa ruwa da abinci a wurin da ya saba, sa'an nan a koma kan ƙaramin.